Tabarmin Alhamis a Gidan Malam Hammadu

Unguwar Malamai, Durun,
Ƙarshen Jimada Sani, 1422.

Zuwa ga Gwaggo Uwaliya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga 'yarki Naja'atu, da fatan kin sauka lafiya. Yaya Gwarzo, yaya baƙunta, yaya karatun koyarwar da ya raba mu da ke? A gaishe mini da Kawu Mahbub da mutanen gidansa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar kakana Malam ta yi sauƙi, yanzu yana zuwa masallaci ba sanda. Inna ta yi mura ta warke. An fara yankan gero, duk wanda ka gani yana sosa wuya.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Tun da na gama aji shida ban rubuta abin da ya wuce sunayen yara a ƙasa ba. Amma na ga a takarda maganata ta fi fita, don takarda ba ta kallona.

Taron Alhamis da kika bar mini yana nan. Har gida biyu sun ƙaru, na bakin rafi. Sun ce kuɗin yunifom da littattafai ya fi ƙarfinsu bana, ga makarantar boko sai an tsallake ruwa. Don haka su ma a gida za su riƙa koyar da 'ya'yansu kamar sauranmu: allo da safe, baƙaƙen boko da lissafi wurin duk wanda ya iya a gidan. Ran Alhamis da ba a karatun allo su kawo su tsakar gidanmu, a yi wasa tare, a ji abin da kowa ya koya. Yanzu tabarmi ba sa isa, sai da na ari ta baƙin Malam.

Na bi tsarinki. Da hantsi 'yan mata su yi carafke suna ƙirga duwatsun da ƙarfi, maza su yi motar kara, wanda ya gama tasa ya rubuta mata suna da gawayi. Alli ya yi tsada, na daina tambaya. Zoɓo muke yi da ɗan citta, sukari kuwa sai dai a nuna masa tukunyar daga nesa. Yaran ba su damu ba. Cikin iyayensu mata, Indo ce kawai ta ce wannan zoɓon shi ma tsuke bakin aljihu ya kama shi.

Ita Indon ta tsare ni wai me ya haɗa ni da ke har kika bar mini taro, ga manyan mata. Na ce kakanki da kakan Babana wa da ƙane ne. Ta ce, "Kai! Wannan zumunci sai da guzuri ake bin sa." Matan suka yi ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malam ya kira ni zaure ya ce saboda ke ya ba da tsakar gidansa. Yanzu da ba kya nan zai zuba ido zuwa azumi. In yara suna ƙaruwa, a ci gaba. In surutu ne da tsalle, a naɗe tabarmi. Wai wasu samari sun yi masa magana cewa yanzu lokacin Shari'a ne, ga tafin gaɗa ana ji daga gidan malami. Ya ce shi bai ga laifin tafin yara a cikin gida ba, amma yana so in an tambaye shi amfanin taron ya sami abin faɗa.

Gwaggo, wasan ba ya ba ni wuya. Jin karatun ne. Ke kina zama a tsakiya, kowane yaro ya zo gabanki ki gyara masa da muryarki da ake ji har zaure, matan suna can suna hirarsu. Ni in na buɗe baki na ga idanun mata a kaina sai muryar ta maƙale. Amma ina tunanin wata dabara.

Mijinyawa direba ne zai kawo miki wannan, ya ce duk mako yana shiga Gwarzo da kaya.

Taki,
Naja'atu.

Gwarzo,
Farkon Rajab.

'Yata Naja'atu,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni ina wanki, na karanta ta a tsaye da jiƙaƙƙen hannu. Ina lafiya, Kawunki da iyalinsa ma haka. Na ji daɗin labarin ƙafar Malam, ki durƙusa ki gaishe mini da shi, ki gaida Innarki.

Karatu ya ɗauki zafi. Da safe ina aji, da yamma ina koyar da matan aure a wata Islamiyya kusa da mu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya tashi neman ilimi, har masu jikoki suna zuwa da tabarau ɗaure da zare. Sai in koma gida ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Ki gaya wa Indo ban bar miki taro don zumunci ba. Na daɗe ina lura, yara suna bin ki ba tare da kin daka musu tsawa ba, kuma ke ce kike iya rubutun ajami da na boko duka. Maganar Malam kada ta tsorata ki, amma kada ki ɗauke ta wasa. In ya ce a naɗe, an naɗe.

Yanzu da ake girbi ki sa su tsinto ganyaye iri-iri, kowa ya faɗi sunan nasa da abin da ake yi da shi, sannan a rubuta harafin farko. Tsofaffi suna son wannan, har su sa baki.

Abu ɗaya nake jin tsoro, kada matan nan su ga ke yarinya ce su raina ki. In kin ga alama, ki faɗa mini tun da wuri. Yi dabararki, Allah ya taimaka. Ga alli guda uku na saka miki a cikin takardar, kada Mijinyawa ya ce sun faɗi a hanya.

Gwaggonki,
Uwaliya.

Durun,
Tsakiyar Rajab.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, gajiyar aji ta bi lafiya. Mu ma lafiya. Alli ya iso, ɗaya ne ya karye. Na gode ƙwarai. Wasan ganye ya yi daɗi, har Inna ta fito ta yi gardama da Indo a kan ganyen tafasa.

Amma abin da kika ji tsoro ina jin ya faru.

Dabarata ita ce, maimakon in zauna a tsakiya, na shimfiɗa wa kowace mace tabarmarta, na ce kowace ta saurari karatun 'ya'yanta, ni in riƙa zagayawa a hankali ina duba rubutu. Na faɗa ina kallon ƙasa. Ba wadda ta ce komai, na ɗauka sun yarda.

Kin san Humaira 'yar Yelwa, yarinyar nan da take famfarar haƙora yanzu. Duk mako tana shirya karatunta tun daga gida. Ta ɗauki allonta ta je ta tsaya gaban uwarta ta fara. Yelwa ta juya mata baya, ta jawo faifai ta hau tsintar wake. Yarinyar ta ƙara murya. Yelwa ta ce wa ta kusa da ita, "Waken bana duk ƙwari." Humaira ta tsaya har allon ya sauko mata gwiwa, sannan ta fashe da kuka. Indo ta saurari ƙananan nata biyu, har tana tafa musu, amma da Musbahu babbansu ya matso sai ta ce, "Kai, matsa can, ka tare mini iska." Wata daga bakin rafi kuwa ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, ba ta dawo ba.

Na sake gwadawa Alhamis ɗin da ta biyo baya, haka aka yi. Wannan makon Humaira ba ta zo ba, Musbahu ya tsaya a waje yana jifan kanya, da wasu manyan. Kuma su ne waɗanda suka fi iya karatu. In Malam ya leƙo yanzu, ƙanana kawai zai tarar suna cin gyaɗa.

Ina ganin da ni suke. Wataƙila sun ji haushi yarinya kamata ta raba musu aiki, sai suka huce a kan yaran. Suna gaishe ni da fara'a kamar kullum, wannan ne ma ya fi ruɗa ni. Ban gaya wa Inna ba. Ran Laraba ba na iya cin tuwo.

Taki,
Naja'atu.

Gwarzo,
Ƙarshen Rajab.

Naja'atu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke, sai jarrabawa da ta tunkaro. Ina fatan Malam da Innarki suna lafiya.

Na karanta wasiƙarki raina ya ɓaci. Yelwa! Ni na zauna da ita wata guda ina koya mata rubuta sunanta, yau ita ce mai juya wa taro baya? Indo kuma na san bakinta, amma ban zaci za ta yi miki haka ba. Laifina ne da na ɗora miki kayan da suka fi ƙarfin wuyanki, na tafi.

Ba zan bari ki rame saboda taro ba. Nata'ala ɗan gidan liman zai zo ɗaurin aure wajenku, zan ba shi saƙon baki zuwa ga Malam, in roƙe shi a dakatar da zaman Alhamis har in zo hutun Sallah in zauna da matan nan ido da ido. Gara mu naɗe tabarmin da hannunmu da a naɗe mana.

Ki ci abinci. Kada ki je gidan kowa ba da haƙuri, ba ki yi wa kowa laifi ba.

Gwaggonki,
Uwaliya.

Durun,
Ƙarshen Rajab.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Don Allah, Gwaggo, kada ki aika wa Malam. In aka tashi yanzu ba za a sake zama ba. Na bakin rafi sun riga sun fara cewa in taron ya mutu 'yan matansu za su koma tallar gyaɗa. Kuma ba wadda ta raina ni. Ni ce ban san abin da kowa ya sani ba.

Jiya na kai niƙa na tarar da Indo a layi. Na yi kamar ban gan ta ba, ta jawo mayafina.

"Ke Malama ƙarama, me aka yi miki kike tafiya kamar kazar da ruwa ya daka?"

Na ce ba komai.

"Ƙarya kike. Faɗi."

Ban san lokacin da hawaye ya zo ba. Na ce in na yi musu laifi su yafe mini, amma su daina hukunta yaran. Ta buɗe baki tana kallona, sai ta ajiye ƙwaryarta ta riƙe ciki tana dariya, har mai injin ya leƙo.

Ta ce, "Wayyo auta! Ke Innarki safe da yamma tana kiran sunanki kamar mai tallarsa. Kin taɓa jin ta kira yayanku Abdulhafiz da sunansa?"

Sai na tuna. Yaya Abdulhafiz da gemunsa da 'ya'yansa, har yau Inna "wancan" take ce masa, in ya shigo gaishe ta bango take kallo.

Indo ta ce, "To Musbahu ɗan farina ne. Humaira 'yar farin Yelwa ce. Kina so in zauna a gaban mata in kafa wa ɗan fari ido, in ce masa madalla? So kike a yi da ni a gidan suna har baɗi? Su ce Indo ba ta da kunya, ta rungume ɗan fari a bainar jama'a?"

Na ce to a gida wa yake jin karatunsa?

"Ƙanen ubansa. Ni ina daka ina ji. In ya yi kuskure sai in ce wa turmi, ba haka ake faɗa ba. Yana ji ya gyara."

Na ce me ya sa ba su gaya mini tun ranar ba.

"Mu ce me? Wadda ta buɗe baki ta yi maganar ɗan farinta ai ta riga ta yi abin da take gudu. Kowa jira take wata ta faɗa. Yelwa ranar nan ba ta ci abinci ba, waken da ta tsinta ma da tsakuwarsa ta dafa."

Gwaggo, na ji kamar ƙasa ta tsage. A zamaninki ke kike jin kowa, matan ba su taɓa shiga wannan halin ba. Ni gudun idon mutane ya sa na tura musu abin da ba za su iya ba. Ba zan iya komawa tsakiya in zauna kamar ke ba, na gwada a ɗaki ni kaɗai ma muryata rawa take. Amma ki ba ni lokaci.

Taki,
Naja'atu.

Durun,
Cikin Sha'aban.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Shirunki ya dame ni, sai shekaranjiya na gane dalili. Ba man fetur, Mijinyawa ya jingine motarsa a gindin tsamiya, wasiƙata tana aljihunsa tun ranar da na ba shi. Na karɓo ta har ta yi laushi. Zan haɗa da wannan in ba mai kai kaji kasuwa a keke. Ki fara karanta waccan.

Saƙonki ya iso wurin Malam. Ya kira ni zaure, na durƙusa.

Ya ce, "Malama Shiru, an ce an fi ƙarfinki."

Na ce, "Ba a fi ba, Malam."

"Iye? Ashe kina magana? Matso in ji, kunnena ɗaya ya yi ritaya."

Na matsa na ce a ba ni zuwa azumi kamar yadda ya faɗa tun farko. Ya shafa gemu ya ce Uwaliya ta ce a rufe, jikarsa ta ce a bari, shi tsoho an sa shi tsakiya. Ya ce Alhamis ta ƙarshe kafin azumi zai zauna a zaure ya buɗe ƙofar ciki ya ji da kunnensa mai aiki, abin da ya ji shi zai yanke.

Ga abin da na yi. Na ga ƙananan suna wasan gida a gindin rumbu, wannan tana sallama, waccan tana cewa maraba da baƙi. Sai na ce ran Alhamis za mu yi wasan baƙunta. Kowace tabarma ɗaki ce, mai tabarmar ita ce matar gida. Yaro ya zo ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, a ba shi ruwa, sannan ya ba matar gida tsarabarsa. Tsarabar ita ce karatunsa ko rubutunsa. Doka ɗaya ce: ba a zuwa baƙunta ɗakin uwa. Ban yi wa kowa bayani ba. Da na faɗi dokar na ga matan sun dubi juna, ta bakin rafin nan ta gyara zama ta ce, "To, a turo mana baƙi."

Musbahu ya je tabarmar Inna. Ta ce masa, "Alhaji, daga ina? Yaya hanya? Yaya ka baro shanu?" Ya ƙunshe dariya ya karanta mata har ya wuce inda aka sa masa. Indo tana can tana jin karatun wani, amma kunnenta ɗaya na ga inda yake.

Saura Humaira. Ta ƙi zuwa, an ce ko allon ma ta daina taɓawa. Kin ce kada in je gidan kowa, ki yafe mini, na je gidan Yelwa. Sai da na wuce ƙofar gidan na dawo kafin na iya sallama. Yelwa ta yi mini shimfiɗa, muka gaisa muka sake gaisawa. Na ce na zo ne a kan Humaira.

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Yarinyar nan."

Ta ce, "Yaran gidan nan da yawa. Ki tambayi kakarsu, ita ta san su." Amma ta miƙe da sauri ta raka ni har ƙofar ɗakin tsohuwar, ta tsaya a waje tana gyara igiyar shanya da ba abin da ya same ta. Tsohuwa ta ce za ta kawo ta da kanta.

Ta kawo ta. Amma ta maƙale a bayan kakarta, ba ta je ɗakin kowa ba, zoɓo kawai ta sha. Saura Alhamis ɗaya kafin ta Malam.

Taki,
Naja'atu.

Gwarzo,
Cikin Sha'aban.

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Mai kaji ya kawo wasiƙunki biyu, suna warin kaji amma na sumbace su. Ina lafiya, an gama jarrabawa, sai jiran sakamako.

Na karanta maganar Indo na yi dariya har matar Kawunki ta leƙo. Na karanta mata, ta ce, "Uwaliya, ke da kike karatun koyarwa ba ki gane wannan ba?" Gaskiyarta. Raini nake tsoro tun ranar da na hau mota, shi ya sa da na ga an juya baya ban tsaya duba wa aka juya wa ba. Ki ba Yelwa haƙuri a zuciyarki, don ni na zage ta a tawa.

Na so in sake aika wa Malam in janye maganata, amma na san shi. Tunda ya ce zai ji da kunnensa, ko ni na zo ba zan sauya shi ba. Kuma ba na so a ce Uwaliya ce ta roƙar miki.

Wasan baƙuntar nan na gwada shi a ajin yara a nan, ya karɓu. Na ce musu daga Durun aka kawo shi.

Humaira kada ki matsa mata. Kada ki ce ta je ɗakin wance. Yaron da aka kunyata a gaban mutane shi yake zaɓar inda zai sake buɗe baki. Ki ba ta wani ɗan aiki a hannu, ki bar ta.

Ina jiran labari. Ko a bakin mai kaji ne a aiko.

Gwaggonki,
Uwaliya.

Durun,
Jajiberin azumi.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da shirin azumi, Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya. Kowa lafiya, an shigo da dawa, Inna tana ta surfe. Mijinyawa ya sami mai, shi zai kawo wannan.

An yi taron Malam.

Tun da safe na share tsakar gida har Inna ta ce zan share ƙasar in kai ga ruwa. Mata suka zo da wuri, kowace da sabon wanki. Indo ta kawo sukari a ƙullin leda, ta ce kada zoɓo ya ba mu kunya a gaban manya. Malam ya zauna a zaure kan buzunsa da carbi, ƙofar ciki a buɗe, ya ba mu gefensa kamar ba ruwansa.

Aka yi carafke, aka yi motoci. Na bi shawararki na ba Humaira moɗa, na ce ita ce mai kai wa kowane ɗaki ruwan baƙi. Ta yi ta zirga-zirga ba ta ce uffan ba. Aka fara baƙunta, sallama ta ko'ina, wannan na karatu, wancan na rubuta sunan matar gida a ƙasa da tsinke. Ni ina zagayawa, ban san ko Malam karatu yake ji ko hayaniya ba.

Sai na ga Humaira ta cika moɗa ta nufi zaure. Na so in tare ta, amma ta riga ta kai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Duk matan suka juyo.

Malam ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Wa'alaikumus salam. Baƙuwa da ruwanta? A garinku haka ake yi?"

Ta ce, "Ɗakinka ne ba a kai wa ba."

Ya karɓa ya sha. Ya ce, "To na ji ana cewa baƙi suna zuwa da tsaraba. Ko ni tsoho ba a kawo mini?"

Ta ruga ta ɗauko allonta a bayan kakarta, ta cire takalmi, ta durƙusa a gefen buzu. Da farko ko ni ban ji ba. Malam ya ce, "Wannan kunnen ya mutu, zagayo ta nan, ki ɗaga." Ta ɗaga. Gwaggo, har bayan gida ana jin ta. Ta yi tuntuɓe wuri ɗaya ya gyara mata, ta maimaita, ta kai ƙarshe. Sannan ba wanda ya sa ta, ta ɗauki gawayi ta rubuta masa sunansa da boko a dandamalin zaure. Ya sunkuya ya ce, "Waɗannan ƙugiyoyin duk ni ne?" Ya laluba aljihu ya ba ta dabino.

Shi ke nan sauran suka ga ana ba da dabino, suka yi layi a ƙofar zaure. Malam bai tashi ba sai da ladan ya kira azahar, dabino ya ƙare ya koma ba da addu'a.

Da yamma ya kira ni. Ya ce manyan yara maza su riƙa yin wasan langarsu a ƙofar gida, kuma a tashi kafin azahar. Ya ce da azumi a huta, bayan Sallah a ci gaba. Na tsaya ina jiran saura. Ya ce, "Me kike jira, Malama Shiru? Tabarmata da kika ara ki riƙe, na ga ba dawowa za ta yi ba." Na ce na gode, ban san ko ya ji ba.

Abu ɗaya ya rage in gaya miki. Lokacin da Humaira take karatu na saci kallon Yelwa. Ta juya wa zaure baya, kanta a ƙasa, tana warware bakin tabarma da farce. Da aka watse ita ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya taya ni naɗe tabarmi. Sai da ta yafa mayafi ta kai bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Waccan mai moɗar, ko 'yar gidan wa ce, ashe tana da murya."

Na ce, "Tana da ita, Yaya Yelwa."

Ta ce, "Allah ya yi mata albarka," ta fita da sauri.

Sai kin zo Sallah. Ki zo da yunwa, ɗakuna da yawa suna jiran baƙuwa.

Taki,
Naja'atu.